Kujerar Gefen Malam

"Ku zuba ido," in ji Malam da jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Titiwangsa. "Ba wanda zai zauna kusa da ni."

Wata biyu ke nan yana koya wa 'ya'yan 'yan Najeriya da suka tashi a Kuala Lumpur tarihin zuwan iyayensu karatu, da labarin masu gidan haya da ke kashe waya da zarar sun ji mai neman hayar ɗan Najeriya ne. Yau ya kawo su su ga wariya da idonsu. Shekara huɗu kujerar gefensa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Mutum uku suka leƙa, suka gwammace tsayuwa. Yara suka rubuta. Malam ya gyara hula.

Sai wata tsohuwa 'yar ƙasar ta shigo, ta zauna, ta ɗora masa ledar kifinta a cinya. Kafin tasha ta gaba har ta yi barci a kafaɗarsa.

"Malam, mun wuce station ɗinmu lah," in ji wata ɗaliba, da salon maganar 'yan garin. "Mu rubuta wannan ma?"

Ruwan kifi na ɗiga a takalminsa, amma bai motsa ba.

"Ku rubuta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kuma ku rage murya, Iya na barci."