Jan Fentin Kawu Zdravko

"Ku mayar da wayoyinku aljihu!" Zdravko, jagoran masu yawon ƙafa a gaɓar Dalmatiya, ya daka musu tsawa. "Tun ina saurayi nake bin jan fentin nan na jikin duwatsu, bai taɓa ɓatar da ni ba."

"Kawu, teku fa ya koma bayanmu," in ji Vesna tana haki. "Jirgin ruwa zai bar mu."

"Bakinki ya fi ƙafarki sauri."

Suka yi ta bin alama, har ta ƙarshe ta dire su a ƙofar wani gidan abinci. Wata tsohuwa ta fito tana goge ɗanyen jan fenti daga yatsunta.

"Sannunku da hanya, 'ya'yana. Kifi nawa zan gasa?"