Minti Huɗu Cif

"Ku ɗauke shi! Kada wanda ya saurare shi!" foman, shugaban leburori, ya daka tsawa daga nesa, idonsa a kan agogo.

Yau sufeton kiyaye haɗurra zai zo ganin atisayen gaggawa a wurin aikin titin. In suka sake faɗuwa a atisayen kamar bara, foman ya san an kore shi ke nan. Shekara guda bai koya wa leburori komai ba, sai yau da safe ya tara su don gwajin ƙarshe. Ya ce duk wanda suka gani kwance a ƙasa, su ɗaure shi a gadon ɗaukar marasa lafiya su kai asibiti, ko da yana gardama. A ɓoye kuma ya umarci Dogo mai shebur ya yi faɗuwar ƙarya.

Aiki ya yi kyau. Mai tuta ya tsayar da motoci, aka janye gangunan tare hanya, motar asibiti ta fice da mutumin yana ta ihu.

"Minti huɗu cif!" in ji foman. "Bari sufeto ya zo ya gani!"

Sai ga Dogo ya fito daga bayan tifa yana goge baki. "Maigida, in kwanta yanzu?"

Foman ya juya ga mai tuta. "To wa kuka ɗauka?"

Mai tuta ya ce, "Wani dattijo ne ya kwanta yana leƙen kwalbati. Har cewa yake wai shi ne sufeto. Na ce, sannu Baba, buguwar ta taɓa kai."