Gonar Badaru a Wata Duniyar

Badaru ya dire goro gaban dagaci yana haki.

"Ranka ya daɗe, 'yata Tahira ta nuna mini a waya. Akwai wata tauraruwa can nesa mai kama da rana, da ƙatuwar duniya tana zagaya ta, ko fartanya ba a taɓa sa mata ba. A yanka mini gona. Na gaji da Ikrima, kowace damina sai ya ci mini iyaka."

Dagaci ya karɓi goro, ya ba shi gabas.

Har Badaru ya kai ƙofa, ya juyo. "Wa ke yamma da ni?"

"Ikrima. Tun jiya ya zo. Ya ce in gaya maka ka shigo masa taku biyu."