Minti Bakwai

Ranar da jaridu suka raɗa masa suna "jarumin ɓoye", a ranar ne jami'an bincike suka tsayar da zarginsu a kan dattijuwar da teburinta ke kusa da nasa a ofishin haraji.

Shi ya kwashe bayanan attajiran da ba sa biyan harajin ko dala ɗaya, ya miƙa wa 'yan jarida. Amma da katinta na aiki ya shiga kwamfutar. Dokar ofishin ce, in za ka tashi ka zare katinka daga kwamfuta. Shekara talatin ba ta taɓa mantawa ba, sai rannan, na minti bakwai. Ga masanin kwamfuta irinsa, minti bakwai ya isa.

An sallame ta daga aiki. Tana zuba kayanta a kwali, saura wata huɗu ta yi ritaya, ta ce masa, "Ɗana, ka riƙa zare katinka. Ka ga abin da tsufa ya ja mini."



Ɗaya daga cikin jami'an ya sake tambayarta, "Ina kika je a minti bakwai ɗin nan?"

Ta ce, "Ɗakin shan kofi. Kyandirori na je kunna wa yaron nan a kan kek. Zagayowar ranar haihuwarsa ce."