Yatsun Evert Brinkman

Da ƙafar kujera suka fara. Kwana kaɗan da ficewar sojojin Jamus daga garinmu da ke ƙasar Holan, makaɗa suka jawo abokin aikinsu Wouter Hoogland daga zauren wasa zuwa tsakar gida, jini na bin wuyan rigarsa.

Kowa ya san laifinsa. A ƙungiyar makaɗan, masu goge biyu-biyu suke zama da takardar kiɗa ɗaya, babba yana jan gaba, ƙarami yana juya shafi. Shekara da shekaru Wouter yana juya wa Evert Brinkman shafi. Lokacin mamaya, da aka ce za a yi wa wani janar na Jamus wasa, sai aka fara raɗe-raɗin Evert ba zai kaɗa ba, alhali wanda ya ƙi, sansanin gwale-gwale ake jefa shi har da iyalinsa. Ana gobe wasa aka tsinci Evert a bakin ƙofar ƙarfe ta baya, yatsun hagunsa a farfashe. Mai shara ta rantse ta ga Wouter a wurin. Washegari kuwa Wouter ya haye kujerar gaba, ya kaɗa wa janar har da rusunawa.

Aka ce Wouter ne ya fasa yatsun saboda Evert ya ƙi kaɗawa. Tun daga nan Evert ya zama gwarzon gari, yanzu ma shi ake shirin naɗawa shugaban ƙungiya. Bai taɓa kama sunan kowa ba, aka ce tsabar dattaku ne.

Tjeerd mai ƙaho ya shuri Wouter a haƙarƙari. "To, karen Jamus, kujerar ta yi daɗi?"

"Kai da ka busa musu ƙaho fa?" in ji Wouter, yana tofar da jini.

Wannan ta jawo masa ƙarin duka, domin gaskiya ce. Duk cikinsu babu wanda bai kaɗa wa janar ba, shi ya sa ma hannunsu ya yi nauyi haka.

Suka danne hannunsa na hagu a kan dakali, Tjeerd ya ɗauko dutsen daɓen titi. Sai ga Evert ya fito da baƙar safar hannunsa, aka dare masa hanya.

"Evert, ɗan'uwa, ka yi magana mana!" in ji Wouter. "Da hannun nan nake ci da yarana."

Tjeerd ya waiwaya. "Maigida, kalma ɗaya muke jira. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Evert ya dubi mutanen da suke masa kallon gwarzo, bai dubi na ƙasa ba. Ya ce, "Shi ya rufe ƙofar."

Dutsen ya sauka, ya sake sauka. Ihun Wouter har bakin kasuwa.

Evert bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, a ranar tsoro ya hana shi ƙi, kunya ta hana shi kaɗawa, sai ya saka hannunsa a ƙofar da kansa, yana kuka yana roƙon Wouter ya taimaka ya rufe.