Tarin Mai Jan Baƙi

Kawu, tarin nan naka ya hana ni sakat, ga azumi saura sati uku. Kar ka ce ɗan boko ya zo da surutu. Misali ɗaya zan ba ka. An yi wani alaramma, shekara goma sha ɗaya shi ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarsu, yana karanto aya malam yana fassarawa. Farkon Sha'aban wani busasshen tari ya kama shi, babu majina babu kaki, sai ƙaiƙayi kamar an maƙala masa ƙaiƙayin gero a maƙogwaro. Maƙwabcinsa wani tsoho ne da ya yi aikin masaƙa da Indiyawa, ya koyo dabarun gida na maganin gargajiyarsu da suke kira Ayurbeda. Ya kawo masa ƙullin kurkum da citta da masoro, da zuma a gwangwani. Ya ce a dafa madara da ɗan kurkum a sha da ɗumi, a lashi zuma da citta kaɗan-kaɗan cikin yini, a kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri, a bar ruwan ƙanƙara da kwanciya a bakin fanka. In an yi sati biyu bai lafa ba, a tafi asibiti. "Alaramma, abin nan a hankali yake aiki, yau za ka fara." Alaramma ya yi godiya, ya ɗora ƙullin a kan taga, ya ce ai da sauran lokaci. Zafi ake yi, ruwan sanyi kuwa daɗi.

Ranar da aka ce gobe azumi, ya gwada karanta aya uku, tari ya tsinke shi a ta biyu. Nan fa hankalinsa ya tashi. Ya sauko da ƙullin ya kaɗe yanar gizo, ya juye rabon wata guda a tukunya ɗaya, ya shanye da sahur. Citta da masoro suka ƙone masa maƙogwaro kamar ya haɗiyi garwashi. Sai da gari ya waye ya tuna abin da bai taɓa lissafawa ba: maganin nan na kurɓa ne da lasa, shi kuwa bakinsa a rufe yake har faɗuwar rana. Bayan la'asar masallaci ya cika har bakin titi. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ja aya ɗaya. A ta biyu tarin ya taso, lasifika ta kai shi har kasuwa. Ya sake gwadawa, ya sake sarƙewa, hawaye na zuba. Ga butar ruwa a gefensa, ba halin taɓawa. Malam ya jira, ya jira, sannan ya waiwaya sahun gaba ya yafito wani. Alaramma ya matsa gefe, a nan ya ƙare watan yana sauraron muryar wani a mazauninsa.

Kai ma, Kawu, kai ke jan sallar masallacinmu. Ga madarar na dafa, ka sha tun ba ta huce ba. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.