Lambar Jikin Kwali

Marfin kwalin ya yi laushi saboda naɗewa da warewa, amma lambar da ke jikinsa Hajara ta haddace ta tsaf.

Shekara uku ke nan da ɗanta na fari, Mujitaba, ya kai shanun huɗar marigayi ubansa kasuwa, ya dawo da kwamfuta. A tsakar gidansu na garin Ƙofa, gaban maƙwabta, ta ce kada ya ƙara taka mata gida, ko gawarta kada ya zo gani. Ya saɓa jaka ya fita, ya bar kwalin.

Bayan wata biyu mota ta ƙone ƙurmus a dajin Falgore, wani ya rantse ya ga Mujitaba ya shige ta a Doguwa. Ba gawa, ba labari. Abu ɗaya ke cin ranta: in ya mutu, da bakinta a kansa ya mutu.

Wani mai gyara a Kiru ne ya ce mata ko an kankare takardar bayan kwamfuta, ko an canja mata tsari, lambarta tana nan cikinta daram. In aka samu kwamfutar, an kama bakin zaren.

Tun daga ranar ta zama 'yar gida a shagunan gyara. Matar da iliminta bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, sai ga ta tana nuna wa masu shago wajen dannawa. Ta san a Windows baƙin allo ake buɗewa a rubuta umarni. Ta san mai tambarin tsuntsu, wato Linux, sai an sa kalmar sirri take faɗin lambarta. Mai hoton tuffa kuwa ta daina ɓata lokaci a kanta, tun da aka ce mata a Tudun Wada ba irin ta kwalinta ba ce. Daga Kiru har Doguwa babu mai gyaran da bai san labarin Inna mai kwali ba. Wasu su yi mata dariya, wasu su ba ta kujera. Ita dai ko a jikinta, wai an tsikari kakkausa.

Ranar wata Talata ta sauka a Kwanar Dangora, ƙafafunta a kumbure, ta ƙudurta in yau ma babu, ta haƙura ta karɓi gaisuwar mutuwarsa. A ƙofar shagon Mainasara wani mutum ya ba ta baya, ya duƙufa yana ɗaure janareton da ke aiki lafiya lau. Ta yi masa sallama, bai ɗago ba. Ta ce a ranta 'yan zamani ke nan.

"Inna, sannu da hanya. Zauna nan," in ji Mainasara.

Bai tambaye ta kwalin ba. Ya wuce kwamfutocin da ke kan tebur, ya zaro wata daga ƙasan kanta, ya kunna, ya yi rubutu. Hajara ta ɗora yatsa a allon tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta dace. Ta biyar ta dace. Ta ƙarshe ma ta dace.

Ta janye yatsanta daga allon. Ta ce a ranta ashe gaskiya ne ya mutu, masu tsince-tsince a wajen haɗari ne suka sayar da ita.

"Wa ya sayar maka? Don Allah, ɗana, a ina aka tsince ta?"

"Ba ta sayarwa ba ce, Inna. Jiya mai ita ya sake mata tsari da hannunsa, ga kwanan watan nan. Ki duba layin sama, inda ake sa wa kwamfuta suna."

A waje ƙarar sifanar mai ɗaure janareton nan ta tsaya cak. Hajara ta goge ido da bakin mayafi, ta haɗa baƙaƙen da kyar:

INNA-KI-YAFE-NI.